An kawo mana limamin da ba ya jin Hausa: ina ikilisiya za ta kai kukanta?

Ɗan Kwamiti:

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu ga iyayena da 'yan'uwana duka. Akwai wata damuwa da ta hana ni sakat tun watan jiya, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gaban waɗanda suka riga ni sanin ɗarikar Angilikan kafin in buɗe baki a taron kwamitin ikilisiyarmu.

Majami'armu tana gefen wani babban gari a Arewa, a irin unguwannin da suka cika da jama'a bayan rikice-rikicen da suka sa kowa ya tattara ya koma inda zai iya barci da ido biyu. Ba zan ambaci sunanta ko na dayosis ɗinmu ba, wato yankin da bishop ɗaya yake kula da shi, domin ba ƙarar kowa na kawo ba. Muna yin sujada biyu ranar Lahadi, ta Turanci da sassafe, ta Hausa kuma da hantsi. Masu zuwa ta Turanci yawancinsu Ibo ne da Yarabawa, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Masu zuwa ta Hausa kuwa gauraye ne: akwai Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Angas da Tangale, akwai kuma Hausawa da suka taso daga ƙauyuka suka zo neman abinci, kuma Hausa ce kaɗai igiyar da ta ɗaure mu wuri ɗaya.

Limamin da aka ɗauke mana ya yi shekara huɗu tare da mu. Ya tarar da sujadar Hausa ba ta cika rabin bencina ba, ya bar ta ana shimfiɗa wa yara tabarma a bakin ƙofa. Ba wani abin al'ajabi ya yi ba illa dai yana shiga gida gida, ya san sunan kowace tsohuwa, ya farfaɗo da Zumuntar Mata, ya kuma buɗe wani ƙaramin wurin sujada a rumfar kwano a wata unguwa da ke bayanmu. Kwatsam sai takarda ta zo cewa an yi masa canjin wurin aiki, aka ba shi 'yan makonni ya miƙa ragama. Wanda aka kawo mutumin kirki ne, mai ilimi da ladabi, ban ga aibinsa ba, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Wa'azi sai da tafinta, addu'ar Jibin Ubangiji kuma da Turanci yake karanta ta, tsofaffinmu suna cewa amin ga abin da ba su ji ba. Wasu iyalai sun riga sun fara zuwa wata majami'ar ECWA da ke kusa da mu, rumfar nan kuma ta koma sai mako ɗaya a buɗe, mako ɗaya a rufe.

Shin akwai ƙa'idar da ake bi wajen sauya limamai, ko kuwa duk abin da bishop ya gani shi ke nan? Idan kwamiti ya rubuta takarda yana roƙon a duba lamarin, za a ɗauke shi a matsayin tawaye? Kuma idan ana cewa ɗarikarmu tana bunƙasa a Arewa, wace bunƙasa ake nufi alhali wadda muka gani da idonmu tana zubewa?

Tsohon Rabaran:

Ɗana, na gode da yadda ka kawo maganar cikin natsuwa, ba tare da ɓata sunan kowa ba. Na yi aiki a ikilisiyoyi da dama kafin in huta, an sauya ni a lokacin da nake so da lokacin da ba na so, saboda haka na san wannan ciwo ta ɓangaren wanda ake ɗaukewa.

Tsarinmu na bishop ne, kuma wannan ba ado ba ne. Ranar da aka keɓe mutum ya zama dikin (matakin farko na limanci) ko firist (cikakken limami), yana rantsuwar yin biyayya ga bishop ɗinsa cikin duk abin da yake halal kuma daidai, kuma iznin da yake aiki da shi a kowace ikilisiya daga hannun bishop yake fitowa. Ikilisiya ba ta ɗaukar limami aiki, ba ta kuma sallamarsa. Bishop yakan yi shawara da acidikin-acidikin ɗinsa, wato manyan limaman da ke kula da rukunin ikilisiyoyi a ƙarƙashinsa, da wasu dattawa, amma sa hannun ƙarshe nasa ne. Dalilan sauyi kuma suna da yawa, kuma ba duka ake faɗa wa jama'a ba: wani ya kai shekarun hutawa an sami gurbi, wani an ɗaga shi zuwa babban muƙami kamar kanon ko acidikin, wani za shi ƙarin karatu, wani rigima ce ta taso a wata ikilisiya ana neman mai sanyin hali ya je ya kashe wutar. Da zarar an motsa mutum ɗaya, sai an motsa biyar. Mai yiwuwa ne ƙwarewar limaminku ce ma ta sa aka ɗauke shi, domin an ga wani wurin ya fi ku buƙata.

Amma biyayya ba ta hana faɗin gaskiya, kuma a kan maganar harshe kuna da hujja mai ƙarfi daga cikin koyarwar ɗarikar kanta. A cikin Ƙa'idodin Bangaskiya 39 da muka gada, ƙa'ida ta 24 ta ce yin addu'ar jama'a ko ba da sakramenti da harshen da mutane ba su fahimta ba ya saɓa wa Maganar Allah da al'adar ikilisiyar farko. Wannan ne ya sa aka fito da littafin addu'a da Turanci a Ingila a 1549 maimakon Latin. Abin da Latin ya zama wa manomin Ingila a wancan zamani, shi Turanci yake zama wa tsohuwar da ke zaune a bencin gaba a majami'arku.

Ka kuma tuna cewa wannan matsala ta girme ka, ta girme ni. Angilikan ta shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce ta 'yan mishan na CMS, ƙungiyar bishara ta Angilikan daga Ingila: Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller sun isa Kano a 1900, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, daga baya Miller ya zauna a birnin Zariya daga 1905, har aka mayar da aikin Wusasa, kusa da Zariya, wajen 1929, inda aka gina majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki da ƙasa, irin ginin Hausa. Daga wannan zuriya aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aka kuma sami mutane irin su Dakta Dikko da Farfesa Ishaya Audu. Ƙofa ta biyu kuwa ita ce ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911 ya kawo akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu, suka gina majami'unsu a Sabon Garin Zariya da na Kano da Kaduna da Jos, suna sujada da Yarabanci da Ibo da Turanci. Lokacin da aka kafa Dayosis ɗin Arewacin Najeriya a 1954 ƙarƙashin Bishop John Mort, waɗannan biyun ne aka haɗa a rufi ɗaya, kuma ƙofa ta biyu ta fi ta farko jama'a da kuɗi nesa ba kusa ba. Raba dayosis ɗin gida uku a 1980, wato Kaduna da Kano da Jos, bai sauya wannan ba.

Shawarata ita ce kada ku rubuta takardar neman a ɗauke sabon limaminku. Irin wannan takarda tana raunata mutum, tana kuma sa bishop ya kafe, domin idan ya biya muku gobe kowace ikilisiya za ta zo da tata. Ku fara da shi limamin, ku zauna da shi cikin girmamawa, sannan ku je wurin acidikin tare da shi, ba a bayan idonsa ba. Abin da za ku roƙa shi ne mataimaki mai jin Hausa, ko dikin, ko a ba wani daga cikinku iznin karatu da wa'azi. Shi kuma ya zauna da wani ya koyi karanta addu'ar Jibin Ubangiji daga littafin addu'a na Hausa, wanda aikin 'yan makonni ne ga mai niyya, domin a rubuce take ba sai ya ƙago ba.

Haifaffiyar Sabon Gari:

Baba Rabaran, Allah ya ƙara muku lafiya, kun faɗi tarihin daidai. Ina so in yi magana daga cikin waɗanda kuka kira ƙofa ta biyu, domin ni Ibo ce, a Kano aka haife ni, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakana, kuma Hausa nake yi da 'ya'yana idan raina ya ɓaci.

Ɗan'uwa mai tambaya, na ji zafin da kake ji, amma ina roƙonka ka kula da yadda za a yi wannan magana a cikin ikilisiya, domin na ga inda irinta ta fara da harshe ta ƙare da "'yan ƙasa" da "baƙi". Ranar da kalmomin nan biyu suka shiga majami'a, sai an yi shekaru ana share dattinsu. Iyayenmu sun gudu a 1966 sun bar majami'u a rufe, suka dawo bayan yaƙi ya ƙare a 1970 suka sake buɗe su, kuma tun daga lokacin ba rikicin da aka yi a Kano da bai taɓa mu ba. Wanda ya binne iyayensa a gari, ya yi baftismar jikokinsa a garin, yana da wuya a ci gaba da kiransa baƙo. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa baikon godiyar kaka na manyan majami'un gari shi ne yake biyan albashin masu bishara da yawa a ƙauyuka, yana kuma sayen kwanon rufin majami'unsu. Ba gori nake yi ba, hakkinmu ne mu bayar, amma ya kamata a riƙa tunawa.

Asalin mutum ba shi ne matsalar ba. Shugaban ɗarikarmu na ƙasa tun 2020, Henry Ndukuba, ɗan jihar Imo ne, amma a Kano ya yi hidimarsa ta farko, ya kuma zama bishop na Gombe na tsawon kusan shekara ashirin.  Arewa ta horar da mutanen da ba a cikinta aka binne cibiyarsu ba. Laifin yana ga tsarin da zai keɓe mutum ya yi hidima a dayosis ɗin da rabin jama'arsa Hausa suke ji, ba tare da an wajabta masa koyon harshen ba. 'Yan mishan na da sai sun ci jarrabawar harshe kafin a sake musu aiki. Ban ga abin da zai hana bishop ya ce duk mai neman keɓewa a dayosis ɗinsa sai ya iya bi da sujada da Hausa ba, kamar yadda ake sa ɗan Wusasa ya iya bi da ita da Turanci.

Wani abu kuma da ba ka sani ba shi ne mu ma muna kuka irin naka. Sujadar Ibo a majami'armu tsofaffi ne suka rage a cikinta. 'Ya'yanmu sun koma ta Turanci, wasu kuma sun wuce gaba ɗaya zuwa sababbin majami'un Fentikos, inda ake kiɗa da jita babu littafin addu'a. Idan aka kawo mana limamin da ba ya jin Ibo, tsofaffinmu ma gunaguni suke yi. A majami'ar da ke da harshe uku, duk wanda bishop ya aiko akwai ɓangaren da zai ji an manta da shi, sai fa idan an aiko mutum biyu, wannan kuwa maganar kuɗi ce.

Mai Bishara Daga Karkara:

Mama, na yarda da ku cewa kuɗin gari yana taimakon ƙauye, ni kaina na ci albashi daga cikinsa. Amma tun da an taɓo maganar bunƙasa, bari in faɗi abin da nake gani daga inda nake, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan lissafin dayosis ake yi, ba shakka an bunƙasa. Lokacin da ɗarikarmu ta Najeriya ta tsaya da ƙafarta a watan Fabrairu na 1979 dayosis 16 ne, yanzu sun haura 160 a larduna 14. A 1990, zamanin Akbishop Adetiloye, aka buɗe dayosis-dayosis na bishara a Minna da Kafanchan da Katsina da Sakkwato da Makurɗi da Yola da Maiduguri da Bauchi, aka tura bishop ya fara aiki tun kafin a tara jama'a, saɓanin yadda aka saba. Daga baya aka sami Wusasa da Dutse da Ikara da Bari da sauransu, inda yawancin masu bi Hausawa ne da masu jin Hausa. Wannan ya kawo alheri da ba mai musunsa. A da tsoho zai yi shekaru yana jiran bishop ya zo ya ɗibiya masa hannu don tabbatarwa, yanzu bishop yana kusa, wani lokaci ma ɗan yankin ne da ya san sunan kakanninsa. A cikin Maguzawa an ga ƙauyuka da suka karɓi bishara gida gida, aka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani inda babu.

Sai dai kowane sabon dayosis yana zuwa da nasa nauyi: gidan bishop, mota, ofis, taron sinod, wato majalisar dayosis, kowace shekara, da kason da za a aika sama. Duk wannan a kan ikilisiyoyi ake raba shi, kuma manomin da baikonsa tiyar dawa ce ko ta masara shi ma an sa masa nasa. Daga nan ne ake fara auna limami da yawan kuɗin da ya kai hedikwata da kuma ginin da ya ɗaga, ba da yawan waɗanda ya shirya don baftisma ba. Daga nan ne kuma canjin wurin aiki yake zama lada ko horo a idon mutane: wanda aka kai babbar majami'ar gari an ce ya samu, wanda aka kai ƙauye an ce ya yi laifi. Na ga limaman da suka zo mana jikinsu yana nan zuciyarsu tana gari, iyalinsu ma ba su kawo ba. Ban cika ganin laifinsu ba, domin matar tana aiki a gari, yara suna makaranta, ga kuma masu garkuwa da mutane da suka mayar da gidan limami abin farauta a wurare da yawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gajeren zama. Aikin bishara a cikin mutanenmu aikin dangantaka ne. Shekarar farko kallonka ake yi, ta biyu ake fara gaya maka gaskiya, ta uku ne mai gida zai kira ka ya ce ka zo ka yi wa iyalinsa addu'a. Idan a ta huɗu aka ɗauke ka, wanda ya zo daga farko zai fara. Mu masu bishara da katikis, wato masu koyar da tushen bangaskiya, mu ne muke daɗewa a wuri, mu ne muke riƙe jama'a tsakanin tafiyar wannan da zuwan wancan, amma ba mu da ikon ba da Jibin Ubangiji, kuma kaɗan ne daga cikinmu ake turawa kwalejin tauhidi ta Wusasa, domin takardun makarantar da ake nema sun fi ƙarfin yawancinmu. Ga masu harshe babu takarda, ga masu takarda babu harshe. Ɗan'uwa mai tambaya, rumfar nan taku ita ce ta fi damuna a cikin labarinka. Ku sa mutum ɗaya tsayayye a kanta tun yanzu, ko da karatun Littafi da waƙa kawai za a riƙa yi, domin wurin sujada idan ya rufu wata uku, sake tara mutanensa ya fi fara sabo wuya.

Tsohon Rabaran:

Malam mai bishara ya faɗi abin da mu limamai ba mu cika son ji ba, kuma gaskiya ne. Zan ƙara abu ɗaya saboda ɗana mai tambaya ya samu abin da zai riƙe a taron kwamiti. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su kira wannan tawaye ba, ba su kuma ce a yi haƙuri kawai ba. Sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, kuma idan ka duba sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas har Nikolas, duka sunayen Helenanci ne, wato daga cikin masu kukan aka ɗauko masu gyaran. Ku je wa acidikin da sunayen mutum biyu ko uku daga cikin sujadar Hausa waɗanda kuka amince da halinsu da saninsu na Littafi, ku ce ga waɗanda muke roƙo a horar a ba su izni. Bishop ya fi saurin amsa wa wanda ya zo masa da mutane fiye da wanda ya zo masa da kuka kaɗai.

Ina kuma goyon bayan 'yata ta Sabon Gari a kan wajabta koyon Hausa. Wannan magana ce ta sinod, kuma kowace ikilisiya tana da wakilai a can waɗanda ba limamai ba ne. Yawancinsu sukan je su zauna su ci abinci su dawo, alhali suna da ikon gabatar da ƙuduri.

Ɗan Kwamiti:

Na gode, iyayena. Baba Rabaran, ban taɓa sanin ƙa'ida ta 24 ba sai da kuka faɗa, ko da yake a ɗarikar nan aka yi mini baftisma. Mama, na karɓi gargaɗinku, domin kalmar "baƙo" ta riga ta fara fitowa daga bakin wasu matasanmu, kuma zan tsawata musu tun kafin ta kai kunnen 'yan'uwanmu na sujadar safe.

Jiya da yamma na je gidan sabon limamin ni kaɗai. Ashe shi ma abin yana damunsa, ya ce yana ganin fuskokin tsofaffi lokacin Jibin Ubangiji yana jin nauyi, amma kunya ta hana shi karanta Hausa a gaban jama'a don kada a yi masa dariya. Mun shirya cewa wani malamin makaranta mai ritaya da ke cikinmu zai riƙa zuwa wurinsa Talata da Alhamis da littafin addu'a. Shugabar Zumuntar Mata da mijinta sun karɓi rumfar daga Lahadi mai zuwa. Takardar da za mu kai wa acidikin kuma shi limamin ya ce zai sa hannu a kanta tare da mu, kuma mun riga mun sami sunaye biyu, muna neman na uku daga cikin Hausawan da suka zo daga ƙauye.